Uwar Mijina da Yumɓun Bakin Ruwa

Damina ce, kuma ba ta zo mana da sauƙi ba. Ruwan bana kamar da fushi ya sauko. A wayi gari da shi, a wuni da shi, shanya ta ƙi bushewa har kaya su fara wari a kan igiya. A unguwarmu ta bayan kasuwar Dei-Dei manyan motoci sun kwaɓe hanya ta zama kamar kunu, katangu suna ta zubewa, duk wanda ka gaisa da shi sai ya ba ka labarin wata asara. Shekara ce da idan aka buga ƙofa sai gaban mutum ya faɗi. A cikin wannan ruwan ne, wata rana da hantsi, Allah ya karɓi ran uwar mijina. Nasa muke, kuma wurinsa za mu koma.

Ba zan kama sunanta ba. Ni suruka ce, bakina bai saba ba, kuma ba yanzu da take kwance zan fara ba. Mama muke ce mata, yara su ce Kaka. Ita kuwa tun ranar da aka kawo ni gidan "matana" take kirana, haka take faɗinsa da Hausarta ta Gbagyi. Wai ita ta auro ni, ɗanta aro ta ba shi.

Ni ba marubuciya ba ce. Da girmana na koyi riƙe biro, a ajin yaƙi da jahilci. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan wata tambaya ce da masu ta'aziyya suka yi ta yi mana, wadda har yau take ci mini rai.

Tun kafin a gama yi mata wanka mata suka fara shigowa, laima a hannu, takalma cike da taɓo. Kusan duk wadda ta riƙe hannuna ta ce Allah ya jiƙanta, sai ta sunkuyo ta tambaye ni a hankali, "Za a wuce da ita gida ne, ko a nan za a yi?" Ban ga laifinsu ba. Haka Abuja take. Wannan daga Katsina, wannan daga Filato, waccan daga Kogi, kowa yana da wani gari a bayansa inda ake mai da shi idan ya gama. Ni kaina 'yar Zariya ce, fataucin shanu ya kawo mahaifina Dei-Dei. Sai in ce musu, "Ai nan ne gidan." Su gyaɗa kai, su ɗauka ruɗewar mutuwa ce.

Bayan an yi jana'iza ogan maigidana ya zo. Maigidana direba ne a wata ma'aikata, ogan kuma mutumin kirki ne, da kansa ya tako cikin taɓo ya zauna a tabarma. Ina bayan labule ina jin su.

"Allah ya gafarta wa Mama. Jinya aka kawo ta Abuja?"

"A nan aka haife ta, yallaɓai."

"A'a, asali nake nufi. Garinku."

"Nan ne, yallaɓai."

Ogan ya ɗan yi murmushi, ya dafa kafaɗarsa. "Ai Abuja ba garin kowa ba ne. Dukanmu baƙi ne."

Da kyakkyawar niyya ya faɗa, na sani. Maigida ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, yallaɓai." Wannan "haka ne" ɗin ta fi kukan da aka yi ranar yi mini ciwo.

Mutum ɗaya ce ba ta tambayi komai ba. Wata tsohuwa ce, ƙawar Mama tun suna 'yan mata. Ta ƙi hawa tabarma, ta zauna a ƙasa duk da danshi, ta miƙe ƙafafu. Ba ta yi kuka ba. Da za ta tashi ta dube ni ta ce, "Yanzu saura ni kaɗai na san inda ake tsallake rafin."

Garinsu Mama ƙaramin gari ne a bakin rafi. Sunansa da Gbagyi yake, harshena bai taɓa faɗinsa daidai ba, ita kuma ba ta taɓa fasa yi mini dariya ba. Da Hausa dai ana iya cewa Bakin Ruwa. Ba shi kaɗai ba ne. Ta ce ƙananan garuruwa ne a jere suna bin rafin, wannan na manoman doya, wancan na masu kamun kifi, nasu kuma na magina tukwane, kowa ya san kakan kowa. Maigidana yana ƙarami aka ce za a gina birni, aka kwashe su a manyan motoci aka sauke su nan. Yau wurin yana cikin Gwarinpa, a ƙarƙashin gidaje masu jan rufi. Babu allo, babu alama. Idan ka ce wa mai keke ya kai ka Bakin Ruwa, sai ya tambaye ka ko sabon otal ne.

Da faɗa muka fara, ni da ita.

Ina amarya, na ɗebo ruwa a tulu, na naɗa gammo na ɗora a ka kamar yadda uwata ta koya mini. Ina tafe ina yanga, don uwar miji ta ga ta yi dace da suruka. Ina shiga tsakar gida sai na ji ihu.

"Matana! Sauke! Sauke shi!"

Na zaci maciji ta gani. Na saki tulun ya tarwatse. Ta zo ta tsaya a kan gutsattsarin, tulun da ita ta gina da hannunta, tana dubansa tana dubana.

"Kan da kina tunani da shi, shi kin mai da jaki?"

Ashe matan Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka. A kafaɗa suke ɗauka, dab da ƙeya, ko itace ne, ko doya, ko ruwa. Sun ce kai ya isa da nauyin da Allah ya ɗora masa. Ba wanda ya gaya mini. Ƙuruciya ta ɗebe ni, na ce, "Mama, a garinmu duk mata a ka suke ɗauka, kuma ba wadda hankalinta ya zube."

Ta ce, "Shi ya sa kun bar garinku kun biyo shanu."

Na shige ɗaki na yi kukana. Muka ɗauki lokaci daga gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Wata safiya na buɗe ƙofa na tarar da sabon tulu a bakin ɗakina, baƙi, yana ƙyalli da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da take yayyafa wa tukwane suna fitowa daga wuta. Sai da yamma ta ce in zo ta koya mini ɗaukan kafaɗa. Na durƙusa, ta ɗora mini, na miƙe, ruwan ya bi bayana har zani. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ban taɓa iyawa ba. Muka daidaita a kan cewa a gabanta a hannu zan riƙa ɗauka. Idan na fita waje kuwa sai in koma wa gammona. Ta sani. Takan dubi ɗankwalina ta ce, "Yau ma jaki ya je aiki, na ga tsakiyan ya kwanta."

A ranar ce ta gaya mini wani abu da ban ba shi muhimmanci ba sai yanzu. Ta ce kayan kafaɗa idan ya yi nauyi mutum ɗaya ba ya iya ɗora wa kansa, ba ya iya saukewa. Sai wata ta kama miki. Ta ce shi ya sa a Bakin Ruwa gaba ba ta daɗewa tsakanin mata, domin wadda kika zaga da safe ita za ki tarar a rafi da yamma, kuma ba za ki kwana a durƙushe ba.

Ita ta tura ni makaranta. Da aka buɗe ajin manya a unguwa ina goyon 'yata ta fari, na ce ba hali. Ta kwance yarinyar daga bayana ta ɗaura a nata. "Tafi. Mutanen da sun tashe mu ba bindiga sun zo da shi ba. Biro ne a aljihunsu." Duk ranar aji tana bakin ƙofa tana jirana. Ba ta san harafi ko ɗaya ba, amma sai ta karɓi allona ta duba, wani lokaci a juye, ta ce, "Yau ya fi na jiya."

Ginin tukwane shi ne sana'arta, shi ne kuma tarbiyyarta. Ƙasar da aka sauke su a kai yashi ya yi mata yawa, tukunya tana shiga wuta sai ta tsage. Don haka tun wurin bai gama rufuwa ba takan koma rafinsu ɗebo yumɓu, da wata babbar ƙwarya tata mai ɗinki a gefe. Sau ɗaya ta tafi da ni. Na ga ta gutsuri ƙasar ta sa a baki, na ce, "Mama, lafiya?" Ta ce in ɗanɗana. Yumɓu mai kyau, in ji ta, yana manne wa harshe, ba ya ƙaras-ƙaras a haƙori. Har ta rasu ba ta sha ruwan firji ba. Na randarta take sha. Idan jikoki suka kawo mata mai sanyi sai ta ture ta ce, "Ruwan nan bai san kowa ba."

Ba ta da yawan ƙorafi. Sau ɗaya na ga maganar gari ta hana ta cin abinci. 'Yata ce ta dawo daga makaranta da murnarta, ta ce, "Kaka, yau an koya mana tarihin Abuja. Malam ya ce da can daji ne, ba kowa sai birai."

Mama ta ce, "To ni wanne ne a ciki, biri ko aljana?"

Yara suka fashe da dariya, ita ma ta yi. Amma da aka kawo tuwo sai ta rufe kwanon. Can ta ce da ni, ba tare da ta dube ni ba, "Lokacin da magina sun zo, mu ne mun sayar musu da dafaffen doya. Mu ne mun ɗebo musu ruwa daga rafi. Gidan da an fara ginawa a gonan mijina, ruwan kwaɓa sumuntinsa a kafaɗan nan ya tafi." Ta bubbuga kafaɗarta ta hagu, wadda ta yi kanta kamar tafin ƙafa. "Mun zaci baƙi ne, za su gama su tafi."

Abin da ya rage mata a can shi ne kaburbura. Mijinta yana kwance a gindin wata ɗorawa kusa da rafin, tare da 'ya'yanta biyu da ƙyanda ta ɗauke tun kafin a haifi maigidana. Duk farkon damina takan je ta cire ciyawa ta gaishe su. Da farko fili ne. Daga baya aka kewaye da waya, takan ɗaga ta shiga. Sai aka yi katanga mai ɓaraka a baya. Sai aka toshe ɓarakar, aka sa ƙofar ƙarfe da mai gadi.

Zuwanmu na ƙarshe ni na raka ta, don ƙafa ta fara yi mata gardama. Mai gadin mutumin arewa ne, ya gaishe mu da ladabi, ya ce, "Mama, wallahi oga ya ce ba a shiga. Aikina ne zai tafi." Ba ta yi masa musu ba. Ta bi jikin katangar har inda ake hango kan ɗorawar, ta ɗaga murya ta fara gaisuwa da Gbagyi. Ta kira mijinta, ta kira yaran ɗaya bayan ɗaya. Kare yana haushi daga ciki, ita tana ba su labarin gida, wa ya yi aure, wa ya haihu.

Hayaniyar ta fito da matar gidan. Ta dube mu daga bakin ƙofa, ta koma, sai ga ta da abinci a leda tana miƙo wa Mama. Ba da wulaƙanci ba. Ta ɗauka bara muka zo.

Mama ta dubi ledar ta ce, "Na gode, 'yata. Na ci a gida. Mijina na zo gaisarwa, yana bayan gidanki."

Matar ta ja baya, ta dubi mai gadi, ta shige da sauri. Na ji ƙarar sakata. Sai da muka sauka a Dei-Dei Mama ta juyo wurina. Ta ce, "Na tsorata yarinyan mutane. Ba ta da laifi. Ba a gaya mata ba ne."

Da ciwo ya kwantar da ita ta sa aka kira 'ya'yanta maza biyu da suka rage. Maigidana ne ƙarami. Babban, wanda muke ce wa Yaya, kafinta ne a Masaka, shi coci yake zuwa, mu masallaci. Mama ta daɗe da musulunta, amma ba ta taɓa bari wannan ya shiga tsakaninsu ba. Takan ce nono ɗaya suka sha, sauran kuma su da Allah. Ta ce musu, "Idan na tafi ku kai ni gindin ɗorawa." Dukansu suka ce to.

Da la'asar ina matsa mata ƙafa ta ce, "Matana, sun ce to. Amma na san ba za a bari ba."

Na ce, "Mama, ki daina wannan magana. Allah zai ba ki lafiya."

"Ban ce ki yi mini addu'a ba. Aike na aike ki. Idan ba su kai ni rafi ba, ki kawo mini rafi."

"Yaya zan kawo rafi, Mama?"

"Yumɓu. Ko cikin hannu ne. A sa mini wajen kai."

Ranar da ta cika, Yaya ya iso daga Masaka a jiƙe sharkaf, ya tarar an riga an yi wanka ana ɗinka likkafani. Bai ko zauna ba.

"Ina za ku kai ta?"

Maigida ya ce, "Maƙabartar unguwa, Yaya. Bayan azahar."

"A kai ta mutuware, ɗakin ajiye gawa. Mu tara dangi, mu je mu roƙi mai gidan nan. In ya ƙi, mu zauna a ƙofarsa."

"Musulma ce, Yaya. Ba ta kwana."

"Kafin ta zama Musulma 'yar Bakin Ruwa ce. Ka ce mata to, ina wurin."

"Kai ma ka ce to."

"Ni nawa na gaske ne!"

"Wa zai bari a haƙa kabari a bayan gidansa? Ka je ka ga katangar nan? Mu sa uwarmu a firji muna yawon roƙo, a ƙarshe a kore mu da 'yan sanda?"

Yaya ya dube shi daga sama har ƙasa. "Ka daɗe kana buɗe wa manya ƙofar mota. Ka manta yadda ake buga ƙofa."

Ban taɓa ganin fuskar maigidana haka ba. Liman ya shiga tsakani da nasiha, dattawa suka sa baki, aka ɗauke ta. Maza suka ce sai da aka kwashe ruwa daga ramin da bokiti kafin a sa ta. An binne ta a tsakanin mutanen da ba ta sani ba, dama da hagu duk baƙi, a cikin ƙasar nan mai yashi da ta ce ba ta riƙe tukunya. Yaya ya bi su, amma daga nesa ya tsaya.

Har yau ban san wanda yake da gaskiya ba. Idan na saurari maigida sai in ga ya kare mata mutunci. Idan na tuna fuskarta a jikin katangar nan sai in ga Yaya. Ni dai ban buɗe baki ba ranar. Suruka ba ta shiga tsakanin wa da ƙane gawar uwarsu tana kwance, kuma kafin in tattara hankalina an riga an fita da ita. Aiken ya zauna mini a ƙirji kamar dutse.

Kwanakin zaman makoki suka wuce, 'yan'uwan nan biyu suna gida ɗaya ba sa magana. Idan wannan yana zaure, wancan yana bayan gida. Masu ta'aziyya suna gaishe su dabam-dabam. Yara ma sun daina wasa. Na tuna yadda Mama ta haɗa su shekara da shekaru, Sallah a gidanmu, Kirsimeti a Masaka, na ga abin yana neman warwarewa tun ƙasar kabarinta ba ta bushe ba.

Ranar addu'a, bayan mutane sun watse da yamma, Yaya ya same ni ina wanke kwanuka.

"Matar ƙanena, kin riƙe uwata da kyau. Na gani, na gode. Gobe zan koma Masaka. Ƙafata da gidan nan kuma sai dai ku ji labari. Ba na son komai nata. Ƙwaryar nan kawai za ki ba ni. Da ita ta ciyar da mu."

Na ce, "Yaya, ka bar mini ita zuwa gobe da hantsi."

"Me za ki yi da ita?"

"Aike ne."

Ya dube ni, bai gane ba, amma ya ce to.

Washegari gari yana yin haske na ce wa maigida zan fita, Mama ce ta aike ni. Ya buɗe baki zai yi tambaya, ya fasa. Na naɗe ƙwaryar a zani, na ɗauki guntun fartanya, na shiga mota zuwa Gwarinpa. Ana yayyafi.

Mai gadin nan ne dai. Yana ganina ya ce, "Hajiya, ina tsohuwar nan mai gaisuwa ta katanga? Bana ban gan ta ba."

Na ce ta rasu.

Ya yi salati, ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, "Allah ya jiƙanta. Kullum in na tuna na hana ta shiga sai raina ya ɓaci." Ya rage murya. "Ɗorawar ma oga ya ce bayan damina za a sare, za a yi wurin ajiye motoci."

Na ce ba shiga na zo yi ba, so nake ya nuna mini inda ruwan rafin yake fita.

Ya zagaya da ni bayan layin. Rafin da Mama take ba da labari, wanda garuruwa suka jeru a bakinsa, ya koma babbar kwata. An shafe gefe da gefe da kankare, ruwan baƙi, ledoji da robobi suna yawo a kai. Na tsaya ina kallo. Ina zan ga ƙasa a nan?

Sai na hango can gaba, kusa da kwalbati, inda ambaliyar bana ta fasa kankaren ta yi gaba da wani ɓangare. Ruwan da ya hana mu sakat duk damina shi ya buɗe wurin. Na tattare zani na gangara, mai gadi yana cewa, "Hajiya, a hankali, akwai santsi." Na kau da shara, na kankare saman da ya yi baƙi, na haƙa. A ƙasa sai ga wata ƙasa mai ruwan toka, mai laushi. Wurin yana wari, amma ba ni da wata hanyar sani sai wadda Mama ta koya mini. Na gutsura na sa a baki. Ya manne mini a harshe. Bai yi ƙaras-ƙaras ba.

Ta ce ko cikin hannu ne. Ni na cika ƙwaryar.

Da na hauro na ga ba zan iya ɗagawa ba. Hannuna da kansa ya kai ga mayafi zai naɗa gammo. Na tsaya. Mai gadi ya kama gefen ƙwaryar ya ce, "A ka, Hajiya?"

Na durƙusa na ce, "A'a. A kafaɗa."

A mota a cinya na riƙe ta, mutane suna kallona suna toshe hanci. Daga bakin titi zuwa gidanmu keke ba ya shiga saboda taɓo, sai wata mai sayar da masara ta sake ɗora mini. Ban iya ba, kamar yadda ban taɓa iyawa ba. Ina tafe a karkace, ruwan yumɓu yana bin bayana, wuyana kamar zai tsinke. Na san da Mama tana nan da ta yi dariya har ta zauna.

Na shiga gida na tarar da Yaya a kan benci da jakarsa a gefe, maigida kuma can ƙarshen tsakar gida ya ba shi baya. Na tsaya a tsakiya.

Na ce, "Ku sauke mini. Ba zan iya ni kaɗai ba."

Dukansu suka taso. Wannan ya kama nan, wancan ya kama can, suka ajiye a ƙasa. Yaya ya dubi abin da ke ciki. Ya sa yatsa ya gutsura ya kai baki. Sai ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna motsi.

Na gaya musu aiken, kalma da kalma yadda ta faɗa. Can Yaya ya share fuska ya ce wani abu da Gbagyi, gajere, ba da taushi ba. Ita ce magana ta farko da ya yi wa ƙanensa tun ranar rasuwar. Ban ji me ya ce ba. Na dai ga ya durƙusa, maigidana ya ɗaga ƙwaryar ya daidaita masa ita dab da ƙeya.

Suka fita, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ba mai magana. Ban sani ba ko sun shirya. Jakar Yaya dai tana kan benci. Ban sani ba ko ɗorawar za ta kai baɗi, ko wa zai gaishe da waɗanda ke ƙarƙashinta idan ƙawar Mama ita ma ta tafi. Allah ya jiƙan uwar mijina, ya sanyaya mata makwanci, ya haɗa ta da nata a inda babu mai tashin kowa.

Na bi su a baya har maƙabarta. Mata ba sa shiga, sai na tsaya a waje, a jikin katanga, inda nake hango kawunansu suna sunkuyawa. Yayyafi yana sauka, kafaɗata tana zafi, bakina har lokacin da ɗanɗanon ƙasa. Ni ba mai ɗaga murya ba ce, duk unguwa an sani. Amma na dafa katangar na ɗaga.

Na ce, "Mama, matanki ce. Na kawo."